Yadda Ake Tayar da Motar da Ta Daɗe a Ajiye, Daga Buɗe Bonet Har Hawa Titi

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, motoci da yawa suka shiga gida ba su sake fitowa ba. Wasu kuma na gado ne: maigida ya rasu, aka lulluɓe motar da tampol ana jiran rabo, kafin a ankara shekara biyu ta wuce. Shi ya sa tambayar nan ta ƙi ƙarewa a wajena: "Malam, motata ta daɗe a ajiye, in sayi batir in tayar kawai?"

A'a, ɗan'uwa. Ka sa makullin a aljihu tukuna. Zama yana cin mota a hankali, amma murɗa makulli a kan busasshen inji da ruɓaɓɓen fetur yana iya yin ɓarnar da ta fi ta shekara biyun cikin minti biyar.

Na yi wannan aiki a kan Corolla ƙirar 2005 ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wadda ta yi shekara biyu da wata huɗu a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Da ita zan riƙa ba da misali. Idan taka ba ta wuce wata biyu ko uku a ajiye ba, cajin batir, iskar taya da duba mai da ruwa za su wadatar. Idan ta haura wata shida, musamman in ta shekara, ka bi matakan nan yadda na jero su, kada ka tsallake ko ɗaya.

Abin da za ka tanada: sifanu da soket, sifanar fulogi, sukudireba, fulaya, jak da kututturen katako mai ƙarfi, mitar gwada wuta, tocila, jarka da roba mai faɗi ta tarar mai, mazurari, tsummoki, safar hannu, takunkumi, da tukunyar kashe gobara. Ka kuma samu bakanike ɗaya da ka yarda da shi ya zo gida. Wasu matakan za ka iya da kanka, wasu kuwa nasa ne, zan faɗa maka a wurinsu.

1. Tambayi dalilin ajiye ta

Kafin ka kashe ko sisi, ka gano me ya sa aka ajiye motar. Idan tsadar mai ce ko rasuwa, da sauƙi, lafiyarta ƙalau aka kashe ta. Idan kuwa zafi take yi, ko giya ta fara gardama, ko inji yana ƙwanƙwasa, to ciwon yana nan inda aka bar shi, zama bai warkar da shi ba. Ka tambayi wanda ya tuƙa ta a ƙarshe. Ka kuma tambaya ko ruwan damina ya taɓa kwanciya a wurin. Ɗaga kafet ɗin ƙasa ka shafa. Laka busasshiya ko tsatsa a ƙafafun kujeru alama ce ruwa ya shiga, kuma wannan aikin mai wayarin ne kafin kowa.

Idan motar gado ce, kada ka sa kuɗinka sai magada sun amince a gaban shaidu a kan wanda zai ɗauke ta da kuma nawa aka ƙiyasta ta. Na ga 'yan'uwa sun daina gaisawa a kan kuɗin gyaran motar da ba a raba ba.

2. Kori baƙin da suka tare a ciki

Da rana tsaka za ka yi wannan. Ka yaye tampol, ka buɗe ƙofofi huɗu da but da bonet, ka ja baya ka bar ta ta sha iska kamar rabin awa. Ka bubbuga jikin motar da sanda.

*Gargaɗi:* kada ka zura hannu inda idonka bai gani ba. Maciji da kunama suna son ƙarƙashin kujera, ramin safaya da bayan batir. Tocila ta riga hannu shiga.

Ɓera shi ne babban mai ɓarna. A tamu motar, da muka buɗe akwatin filtar iska, abin da muka tarar sheƙa ce cikakkiya: ɓawon gyaɗa, yagaggen buhun siminti, da soson kujerar baya da aka tsinke aka jera. Filtar kanta an cinye tsakiyarta. Da an tayar da inji a haka, duk wannan tarkace ciki zai zuƙe. Saboda haka ka cire filtar, ka haska cikin bututun da ke tafiya zuwa inji, ka tabbatar babu komai. Ka leƙa bakin salansa ma, zanzaro yana gina ɗakinsa a nan.

*Gargaɗi:* kashin ɓera da fitsarinsa suna ɗauke da cuta, har da zazzaɓin Lassa. Kada ka share shi a bushe, ƙurar ce ke shiga hanci. Sa takunkumi da safar hannu, ka yayyafa ruwan bilic, ka jira ya jiƙa, sannan ka kwashe da tsumma.

Daga nan ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da tocila: waɗanda ke zuwa kan nozul masu fesa fetur a inji, kan kwayil masu ba fulogi wuta, wajen fanka, da bayan akwatin fis. Duk inda ka ga jan ƙarfen waya a waje, ko roba ta tattauna, ka ɗaura ƙyalle a wurin ka kira mai wayarin. Kada batir ya hau motar nan sai an gyara su. Waya biyu tsirara da suka haɗu sun isa su ƙone mota a tsaye.

3. Fitar da tsohon fetur

Nan ne mutane suka fi yin ganganci, nan ne kuma muka yi asara. Kafin in iso gida, ƙanena ya aro batir ya yi ta murɗa makulli. Da na zo sai ya ce, "Yaya, tana so ta tashi, kaɗan ya rage." Abin da ya faru shi ne famfon mai ya zuƙo dattin gindin tanki ya tura wa nozul. Aikin da zai tsaya a wanke tanki sai ya zama sayen sabon famfo da wankin nozul huɗu.

Fetur ba ya daɗewa. Cikin 'yan watanni sashensa mai saurin kamawa yake tsiyayewa a iska, musamman a zafinmu, abin da ya rage ya yi kauri ya zama kamar ƙaro. Tankin da ba a cike yake ba kuma yana tara raɓa, ruwan ya kwanta a ƙasa ya kawo tsatsa. Buɗe murfin tanki ka shinshina. Idan warin ya koma kamar na tsohon fenti, ya mutu. Ka zubo kaɗan a farar kwalba: mai kyau garau yake, wanda ya lalace ya yi duhu kamar shayi, in akwai ruwa za ka gan shi a ƙasa ya ware.

A Corolla da motoci da yawa irinta, famfon yana ƙarƙashin kujerar baya, akwai murfi. Bakanike zai cire shi, ya zuƙe man da famfon hannu, ya haska cikin tankin. Idan datti ne kawai, a goge. Idan tsatsa ta kama, a sauke tankin a wanke shi a shanya. A canza rariyar famfo da filtar mai. A duba tiyon mai, duk wanda ya tsattsage a cire shi. Tsohuwar mota mai kafireta kuma sai an kwance kafiretar an wanke. Mai amfani da man gas ita ma a tsiyaye ruwan filtarta a canza, a fitar da iska daga layin.

*Gargaɗi:* kada a zuƙi fetur da baki. Kada a yi wannan aiki kusa da murhu, kurfoti, janareta mai aiki ko mai shan taba. Ka sanar da matan gida su dakata da girki a tsakar gida har a gama. Tsohon man kuma kada a zuba a kwata, kada a hura wuta da shi, kada a ajiye shi a jarkar da aka saba zuba kalanzir.

In an gama, ka zuba sabon fetur lita 10 zuwa 15. Ya isa gwaji.

4. Baƙin mai, ruwa da sauran mayuka

Zaro gejin baƙin mai ka duba. Idan ka ga ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai, wataƙila gaskit ne. Ka tsaya nan bakanike ya bincika. Idan baƙi ne kawai, a kwance a zubar, a sa sabuwar filta da sabon mai irin wanda littafin motar ko murfin ya nuna. Corolla irin tamu tana cin kusan lita 4. Tun da injin a sanyaye yake, ka ba shi lokaci ya tsiyaye sosai. Ba sai ka sayi mai mafi tsada yanzu ba, domin za ka sake zubar da shi ba da daɗewa ba, amma ya zama na gaske a galan ɗinsa a rufe, kada ka sayi na awo a bakin titi.

Buɗe lagireto. Ruwa ja mai tsatsa a zubar, a ɗauraye har ya fito fari, a zuba kulant, wato ruwan sanyaya inji na musamman. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri da tsatsa a ciki, su ne ke toshe lagireto da cin famfon ruwa. Ka matsa tiyon ruwa na sama da na ƙasa da hannu. Wanda ya yi tauri kamar itace ko ya yi laushi ya kumbura, lokacinsa ya wuce. Ka duba fambel, in ya tsattsage a canza.

Wani bakanike ya ce min, "Yallaɓai, mu cire tamostat mu haɗa fanka kai tsaye, ƙasarmu da zafi." Ban yarda ba, kai ma kada ka yarda. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki mai yake ƙara sha, kuma yana saurin gajiya. Idan tamostat ɗin, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, ya maƙale, sabo za a sa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Man giya, man sitiyari da man birki: yanzu dai ka tabbatar akwai su daidai ma'auni, ka leƙa ƙarƙashin motar ka ga inda ƙasa ta yi tabo. Kowane tabo yana nuna maka abin da ke yoyo.

5. Juya injin da hannu

Wannan shi ne matakin da na fi so ka riƙe. Inji in ya daɗe a tsaye, duk man da ke jikin silinda ya gangara ƙasa, zoben fistin ya bushe, wani lokaci har tsatsa ta ɗan kama shi. Idan kik ya fizge shi da ƙarfi a haka, zobe yana iya karyewa ko ya karce silinda, daga nan mota ta fara hayaƙi da shan mai har sai an sauke inji.

Ka hure ƙurar da ta taru a ramin fulogi kafin ka kwance su, kada ƙurar hunturu biyu ta faɗa ciki. Cire fulogi duka. A kowane rami ka zuba baƙin mai kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, ka rufe da tsumma mai tsabta, ka bar shi ya kwana.

Washegari, giya a firi, a sa dutse a tayoyi. A sa soket da doguwar sifana a kan notin babban fulin da ke ƙasan inji, a juya a hankali ta inda injin yake juyawa. Yawancin injuna hannun agogo suke bi, amma tsofaffin Honda masu silinda huɗu, irin Accord na kafin 2003, akasin haka suke juyawa, sai a kula. Idan ya zagaya sau biyu, sau uku sumul, alhamdu lillahi, rabin fargaba ta tafi.

*Gargaɗi:* idan ya cije, kada a sa bututu a kan sifana a hau da ƙarfi, kuma kada a ja motar da wata a saki kuloci don a "ɓalle" shi. A ƙara man da ke narkar da tsatsa a ramukan, a jira kwana biyu ko uku, a riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan. In ya ƙi, a buɗe inji a gani.

A nan ne kuma za ka san ko motarka bel take amfani da shi ko sarƙa a taimin, wato abin da ke daidaita motsin fistin da bawul. Corolla daga 2003, Camry mai silinda huɗu daga 2002, da Accord mai silinda huɗu daga 2003 sarƙa gare su, ba su da wannan damuwa. Peugeot 406, Golf 3, tsohuwar Camry mai injin 2.2 da Accord mai silinda shida bel ne. Bel roba ne, shekaru suna cinsa ko mota ba ta motsa ba, kuma a injuna da yawa, irin na 406, in ya tsinke fistin da bawul karo suke yi. Idan ba ka san ranar da aka canza shi ba, a canza kafin a tayar. Kuɗin bel kashi kaɗan ne na kuɗin gyaran kan inji.

6. Batir

Batir mai lafiya in ya cika yana nuna kusan 12.6 a mita. In ya sauka ƙasa da 12 ya yi sanyi sosai. Wanda ya shekara a mace da wuya ya dawo, ko mai caji ya ce ya ɗauka, kwana biyu zai sake kwanciya. Shawarata ka ari batir mai kyau don gwaji, sai inji ya tashi ka tabbatar da lafiyarsa sannan ka sayi sabo.

Kankare farin garin da ke kan tashoshin da burushin waya. Wajen ɗaurawa, jan waya mai alamar tarawa ake fara sawa, baƙin ya zo a ƙarshe. Wajen cirewa kuma baƙin ake fara cirewa.

*Gargaɗi:* ka duba alamun sau biyu. Juya kan batir na daƙiƙa ɗaya yana ƙona altaneta da fis, wani lokaci har da ƙwaƙwalwar motar. Bayan ka ɗaura, ka tsaya minti biyu kana shinshinawa. Ƙaurin roba ko hayaƙi, cire baƙin waya nan take.

7. Tayarwa

Har yanzu fulogi suna waje. Cire fis ɗin famfon mai. A Toyota za ka ga an rubuta EFI a murfin akwatin fis. Ɗora tsumma a kan ramukan fulogi saboda man da zai fantsalo. Murɗa makulli inji ya juya daƙiƙa 10, ka huta minti ɗaya, ka sake. Yi haka sau uku ko huɗu, ko har jar fitilar mai ta dashbod ta mutu. Abin da kake yi shi ne tura sabon mai ko'ina kafin wuta ta kama.

Sai a mayar da fulogi, sababbi in da hali. A fara ɗaura su da hannu kafin sifana, domin kan inji na alminiyom ne, zarensa ba ya jure gardama. A sa sabuwar filtar iska, a mayar da fis. A turo motar fili idan a rufaffen gareji take, hayaƙin salansa yana kisa ba tare da wari ba. Mutum ɗaya a sitiyari, ɗaya a gaban inji da tukunyar kashe gobara.

Buɗe makulli ba tare da tayarwa ba sau biyu ko uku, ka saurari kukan famfo daga baya. Wasu Toyota famfonsu ba ya motsi sai inji yana juyawa, don haka shiru a nan ba lalle matsala ba ce. Yi bismilla ka tayar. Kada ka wuce daƙiƙa 10 a kowane gwaji, kik yana ƙonewa. In ta ƙi bayan gwaji biyar ko shida, ka tsaya a duba ko mai yana zuwa, ko wuta tana zuwa.

*Gargaɗi:* kada a tsiyaya fetur a bakin inji don ta kama. Wutar tana dawowa baya ta kama fuskar mai zubawa. Motar otomatik kuma ba a tura ta don ta tashi.

Da ta kama, cire ƙafarka daga totur. Idonka a kan fitilar mai: in ba ta mutu cikin 'yan daƙiƙu ba, kashe. Shuɗin hayaƙi na 'yan mintuna man da ka zuba ne yake ƙonewa, ƙaramin ƙas-ƙas daga sama shi ma yakan lafa. Amma ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa, ko warin ɗanyen fetur, kashe nan take. Ka bar ta tana aiki minti 15 zuwa 20, kana kallon allurar zafi, har fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya. Sa mita a kan batir, tsakanin 13.5 da 14.5 na nufin altaneta tana caji. Leƙa ƙasa ko wani abu na ɗiga.

*Gargaɗi:* ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Jira ya huce sannan ka ƙara ruwa.

Ranar da tamu ta tashi, mahaifiyarmu ta fito ƙofar ɗaki ta tsaya tana sauraro, ba ta ce komai ba sai addu'a ga mai motar. Ƙanena ya ce mu zaga unguwa. Na ce masa tukuna, ba mu taɓa birki ba.

8. Birki

Inji ya tashi ba shi ne mota ta tashi ba. Motar da ta ƙi tashi kai kaɗai ta ɓata wa rai, wadda ta ƙi tsayawa kuwa har yaran unguwa tana iya shafa.

Taka birki ka riƙe rabin minti. Idan yana nutsewa a hankali, masta, wato famfon da ke tura man birki, ta gaji ko akwai yoyo. Idan laushi yake kamar soso, iska ce a layin. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko mota na aiki. Mai ruwa a ciki yana tafasa in birki ya yi zafi, feda ta tafi ƙasa ba tare da ta kama ba. A zubar da tsohon gaba ɗaya, a sa irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4, a fitar da iska a ƙafafu huɗu.

A ɗaga kowace ƙafa, a cire taya. A duba fad, a duba ko kalifa mai matse fad ɗin ta maƙale, a lanƙwasa tiyon birki a ga ko ya tsage, a buɗe durom na baya a ga ko roba na yoyo. Tsatsa sama-sama a kan faranti za ta goge da tafiya. Mai zurfi da ramuka sai an canza. Idan an bar birkin hannu a ɗage duk tsawon zaman, tayoyin baya sukan cije. A sauke shi, a ɗora katako a kan durom a bubbuga da guduma, a girgiza motar gaba da baya. Mai kuloci ma wani lokaci farantin yakan manne, ka taka amma giya ta ƙi shiga. Wannan ka bar wa bakanike.

*Gargaɗi:* kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. A tokare da kututturen katako ko ƙarfen tokara. Bulon siminti yana farfashewa ba sallama. Kuma baƙin mai ko man giya ba sa shiga tukunyar birki ko da ɗigo, robobin duka za su kumbura.

9. Taya da ƙafa

Zanen taya yana ruɗi. Tayoyinmu huɗu zanensu kamar sabo, amma na ɓangaren da rana ke duka gefensu ya tsattsage kamar busasshiyar fadama. A jikin kowace taya, bayan rubutun DOT, akwai lamba huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, shekara huɗu take ƙirga wa taya daga ranar da aka yi ta. Wadda ta daɗe ba iska da nauyin mota a kanta, wayoyin cikinta suna iya karyewa ko da ta sake karɓar iska. Irinta ce ke fashewa a hanyar Kano zuwa Zariya da tsakar rana. Tayar da ta tsage, ta kumbura ko ta tsufa, a cire, har da safaya. In za ka saya, ka karanta lambar da idonka, ko sabuwa ce a leda.

Ma'aunin iska yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, shi za ka nuna wa mai faci, kada a bar shi ya auna da bugun hannu. Tun da ƙafafun suna sama, a girgiza kowace a ji ko akwai wasa, a duba robar shaf, bol-join, tayarod da shok.

10. Gwajin farko

Fitilu, sigina, fitilar birki, ham, waifa, madubai, bel ɗin kujera. Robar waifa kusan kullum ta mutu. A mota otomatik, ka taka birki ka bi giyoyin ɗaya-ɗaya, kana ɗan tsayawa a kowace, sannan a sake duba man giya.

Da sassafe, a layin da babu yara, ka yi tafiyar da ba ta fi ta mai keke ba, kana taka birki akai-akai. Ka ji ko tana ja gefe ɗaya. Ka dawo ka kusanto da hannu wajen kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta na riƙewa. Sai ka ƙara nisa zuwa kilomita 5, sannan 20, kana duba zafi, mai da ruwa bayan kowace fita. Daga nan a kai ta alaimen, in fitilar cek tana kunne a sa mata kwamfuta. Idan dole a kai ta gareji kafin birki ya gyaru, janwe za ka kira, kada a ja ta da igiya. Otomatik kuma a ɗauke ta gaba ɗaya ko a ɗaga ƙafafun da ke jan ta.

11. Takardu

Duk sun ƙare a zaman nan: lasisin mota, takardar shaidar lafiyar mota ta VIO, da inshora. Ƙaramar inshora ta motar gida ta koma naira 15,000 a Janairun 2023; wanda ya ce zai yi maka a ƙasa da haka, ka yi zargin ta bogi ce, kuma kana iya duba lambar motarka a shafin intanet na NIID, rumbun bayanan kamfanonin inshora, ka ga ko ta shiga. Motar gado a yi mata canjin suna. Ka je ofishin da kanka ko ka tura wanda ka sani, ka bar 'yan bakin ƙofa. A but a samu safaya mai iska, jak, sifanar taya, alamar tsayawa mai kusurwa uku da tukunyar kashe gobara wadda ba ta ƙare ba.

Yadda za ka tsara kuɗin

Farashi yana motsi kusan kowane mako, saboda haka ka tambayi shago uku kafin ka biya, ko a Ƙofar Ruwa kake a Kano ko a Panteka a Kaduna. Abin da ba ya canzawa shi ne wanda ya fi wani nauyi. Tayoyi huɗu su ne suka fi cin kuɗi, sai batir, sai famfon mai in ya mutu, sai taimin bel da aikinsa. Mai, filtoci, fulogi, kulant da man birki duka a haɗe ba su cika kai kuɗin taya biyu ba.

Don haka ka fara da masu araha, mataki na 1 zuwa na 7, da aron batir. Idan a nan aka gano inji ya cije ko giya ta mutu, ka zauna ka yi lissafi kafin ka ci gaba, ba ka riga ka zuba kuɗin taya ba. Fenti, kujeru da na'urar sanyi su jira. Ka yi ciniki da bakanike mataki-mataki, ka je sayen kaya tare da shi, ka ce a ajiye maka duk tsohon abin da aka cire. Bel, tiyo, taya da kayan birki sababbi za ka saya. Na Beljiyam a nan su ma shekaru sun ci su kamar naka.

Makon farko, kowace safiya kafin ka tayar, duba gejin mai, ruwan lagireto da ƙasan motar. Robobin da suka bushe sukan fara yoyo ne bayan sun sha zafi sau da yawa. Kada ka ɗauki iyali doguwar tafiya sai ta yi mako biyu tana zirga-zirga a gari lafiya. In ta cika kilomita 1,000, a sake zubar da baƙin mai da filtarsa, domin wannan zubin na farko shi ya kwaso dattin zaman, a kuma sake bin notocin taya da sifana.